Karfasa Mai Tsagaggiyar Wutsiya

Akwai wani tela a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina, ana kiransa Atiku. Ku gyara zama, 'yan shafina, mai cin abinci ma ya ajiye cokali, don labarina ba a haɗa shi da wani aiki.

Atiku yana da aboki tun na yarinta, Lado, bakaniken babura a Ƙofar Sauri. In ka ji su suna hira sai ka rantse gobe za su kwana gaban alƙali. Atiku ba ya kiran Lado da sunansa, sai dai Baƙin Mai. Shi kuma Lado yana ce masa Gajeren Wando, saboda wata Sallah da Atiku ya ɗinka masa wando ya tsaya a ƙwauri, ya kuma dage cewa ƙafar Lado ce ta ƙara tsawo cikin azumi.

Kowace Asabar sukan hau babur ɗin Lado su tafi dam ɗin Ajiwa yin fatsa. Ba masunta ba ne, sha'awa ce kawai. Kayan aikinsu ba yawa: gora, zare, ƙugiya, gwangwanin tana, sai guntun tsohon silifa da ake ɗaurawa a jikin zaren ya riƙa yawo a saman ruwa. In ka ga guntun silifan nan ya nutse, kifi ya ci tana, sai ka fizga.

Karfasa suke kamawa, irin masu faɗin tafin hannu, waɗanda ke shiga kasko ba sai an gutsuttsura su ba. Ni dai ba na ɓata tanata a kan irin waɗannan. Kifin da na taɓa kamawa sai da aka kira a-kori-kura, amma yau ba labarina ake yi ba.

Suna da doka guda. Wanda ya kama kaɗan shi zai zauna a zauren Atiku ya kankare kifin duka, kafin Hajo, matar Atiku, ta soya da yaji. Sannan zai yi mako yana kiran abokinsa Sarkin Ruwa, ko a gaban wa. Yawanci Lado ne ke riƙe wuƙa, don idon Atiku idon tela ne. Silifa na yin motsi kaɗan, ya gani.

To, idon nan ne ya tafi.

Ya fara da kasa zura zare a allura da yamma. Daga nan sai ya riƙa tuntuɓe da abin da ke gefensa. Da aka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa a ɓoye, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Kafin shekara ta zagayo Atiku ba ya bambanta komai sai haske da duhu.

Aka rufe keken ɗinki da zane. Atiku ya shige ɗaki. Masallacin unguwa yana nan ƙofar gida, amma ya daina zuwa, don ba ya son a gan shi ana jan hannunsa a layin da ya fi kowa saurin tafiya.

Lado bai guje shi ba. Kullum bayan la'asar zai zo da lemo a leda, ya cire takalmi a hankali, ya zauna a bakin tabarma.

"Malam Atiku, ina wuni? Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya sa kaffara ne."

Atiku ya ce amin. Shi ke nan. Lado ya tashi ya tafi.

Wata rana yana sa takalmi a zaure sai Hajo ta yi masa magana daga bayan ƙyaure.

"Malam Lado, abokinka fa ba ya cin abinci. Jiya tuwo ya kwana a kwano. Na ce ko soro ya fito ya sha iska, ya ce mi zai gani a soron."



Ta ce, "Kuma ya sa na sauko da gorarshi ta fatsa. Ya ce in ka zo gobe kai zai ba. Ni dai gabana faɗuwa yake yi. Mutum in ya fara rabon kayanshi da ranshi..."



Washegari kuwa Atiku ya laluba bayan ƙofa ya miƙo gorar.

"Riƙe. Ni na gama da ita."

Lado ya dubi gorar. Wurin riƙonta har ya yi sulɓi don daɗewa a hannu. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ba a ɗaki aka san gorar nan ba. In za ka ba ni, ka ba ni a bakin ruwa."

"Mi zan je yi bakin ruwa?"

"Sallama. Ko baƙo ne ya zauna gidanka ai ba ya tafiya bai yi sallama ba, balle ruwan da ya ciyar da kai karfasa shekara da shekaru."

Atiku ya ajiye gorar a gefensa. Can ya ce, "Sau ɗaya. Kuma mu fita da an idar da asuba, kafin unguwa ta tashi. Daga shi kada ka sake yi mani zancen fita."

Ranar Asabar suka kama hanya. Atiku na bayan babur, ya riƙe rigar Lado da hannu biyu. Da can a kan hanyar nan ba sa yin shiru, Atiku na kushe tuƙin Lado, Lado na cewa ya sauka ya taka. Ran nan Lado tafiya yake kamar ya ɗauko ƙwai. Ko rami ya gani sai ya ce, "Yi haƙuri, Malam Atiku, ga gargada."

Suka isa wurin zamansu na kullum, gindin wata bishiya a gefen da ba mutane. Lado ya shimfiɗa buhu, ya zaunar da shi, ya ɗebo ruwa a bokiti ya ajiye. Shi ya sa masa tana, shi ya jefa masa zare, sannan ya ɗora masa gorar a hannu.

"Ni zan riƙa duba maka silifa. In na ce ja, sai ka ja."

Atiku ya ce to.

Rana ta ɗaga. Silifan Atiku yana nan a kan ruwa kamar an dasa shi. Lado na satar kallon fuskar abokinsa, yana ganin yadda take ƙara rufewa. Ya san in suka koma haka, shi ke nan, ɗakin nan ya cinye Atiku.

Sai silifan Lado ya nutse. Ya fizga, ga karfasa mai kyau tana wutsil-wutsil.

Atiku ya ce, "Ka samu?"

"A'a. Ciyawa ce."

Ya cire ta a hankali ya sa a bokiti. Nan dabara ta zo masa. Ni da na san kan tsiya, da ina wurin da na ce masa wannan ba ta nuna ba, amma mai tausayi ba ya tsayawa lissafi.

"Malam Atiku, kawo in duba tanarka, kamar sun cinye."

Ya janyo zaren, ya juya baya, ya tsamo karfasar daga bokiti, ya maƙala mata ƙugiyar Atiku a leɓe, ya sulala ta cikin ruwa yana tari don kada a ji ƙara. Ya mayar wa Atiku gora.

"Ja, ja, ya nutse."

Atiku ya ja. Kifi ya fito. Lado ya yi ta tafi yana cewa ma sha Allah. Atiku ya bi zaren da hannu har ya kai ga kifin, ya cire ƙugiyar da kansa, ya shafa shi daga kai zuwa wutsiya kamar yadda yake shafa shadda kafin ya sa almakashi. Sannan ya miƙa.

"Sa a bokiti."

Lado ya ga kamar gefen bakin Atiku ya motsa. Daɗi ya kama shi.

Aka ƙara zama. Ruwa ya yi shiru, babu mai ci ko ta ɓangaren Lado. Da ya ga fuskar Atiku za ta sake rufewa, ya leƙa bokiti. Kifi dai ɗaya ne. Ya ce a ransa, ai ba gani yake ba.

"Kawo in duba tanarka."

Karfasa ta koma ruwa, ta sake fitowa. Atiku ya cire, ya shafa, ya miƙa.

Wajen hantsi Lado ya sake. A wannan karon baiwar Allah ko motsin kirki ba ta yi, ta fito tana lilo kamar tsumma.

Atiku ya cire ƙugiyar. Ya riƙe kifin a tafin hannu, bai miƙa ba.

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Ya gajiya? Mun sake haɗuwa."

Lado ya waiwayo.

"Da wa kake, Malam Atiku?"

"Da wagga mai tsagaggiyar wutsiya. Tun safe take zuwa gaishe ni. Lado, kifin da ya fito daga dam sanyi gare shi. Wagga ɗumi gare ta kamar an tsamo ta daga ruwan wanka, don bokitinka a rana yake. Kuma ban taɓa jin kifin da ya ci ƙugiya ta waje ba, sai yau."

Atiku ya ƙara da cewa:

"Tun na farko na sani. Na ji kana murna, na ce bari in bar ka."

"Wallahi ba don in raina ka ba ne. So nake ka ji daɗi."

"Na sani."

Atiku ya juya fuskarsa wajen ruwa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kowa so yake in ji daɗi. A gida in na zubar da ruwa, sai a ce dama za a zubar. In na sa riga a bai-bai, ba mai gaya mani, sai a lallaɓo a ce in canza wagga ta yi datti. Hajo da ke yi mani faɗa a kan na bar zare a tsakar gida, yanzu magana take yi mani kamar jariri. Na yi masu uzuri. Na ce akwai mutum ɗaya da ba zai canza ba, in ya zo zai ce Gajeren Wando, yanzu kuma da wane ido za ka cuci mutane a awo. Na yi ta jira. Sai ga ka da lemo a leda kana ce mani Malam."

Ya ci gaba.

"Ran nan na san na mutu, jana'iza ce kawai ba a yi ba. Ba duhun ne ya zaunar da ni a ɗaki ba, Lado. Duhu ana sabawa da shi."

Lado ya sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo masa, ya goge da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu. Yana so ya ce yi haƙuri, sai ya gane ita ce kalmar da ta fi kowace yawa a bakinsa tun da ciwon ya zo. Ya haɗiye ta.

Ya ja majina, ya gyara murya.

"To ai sai ka sake ta, Gajeren Wando. Ka riƙe baiwar Allah kana yi mata wa'azi, ita ba ta ci ba ba ta sha ba."

Atiku ya juyo wajensa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda har sai da ya dafa ƙasa.

"Ta yi aikin yini ba lada. Kai ni bakin ruwa, Baƙin Mai."

Lado ya kama gwiwar hannunsa suka matsa. Atiku ya tsoma hannu ya buɗe tafi. Karfasa ta ɗan tsaya kamar ba ta yarda ba, sannan ta kaɗa tsagaggiyar wutsiyarta ta shige.

Da suka koma kan buhu Atiku ya ce, "Yanzu ba ka da ko ɗaya, ba ni da ko ɗaya. Doka tana nan?"

"Awo, tana nan."

"To cire mani silifan nan. Na masu ido ne. Kana da ƙaramin noti a aljihu?"

Bakanike ba ya rasa noti. Atiku ya karɓa, ya ɗaure shi sama da ƙugiya don zaren ya nutse ya miƙe. Ƙullin da ya yi, ko mai ido biyu sai ya sake kallo. Sannan ya kwantar da gorar a cinya, ya ɗora zaren a kan ɗan yatsansa.

"Shekaru nawa ina jin zare da yatsan nan. In ya yi tauri a keke, kafin ya tsinke na sani. Bari mu ga ko kifi ya fi keke wayo."

Ya laluba gwangwani ya ɗauko tana. Wajen sa ta, ƙugiya ta soke shi a babban yatsa, jini ya fito. Hannun Lado ya taso da kansa zai karɓa. Ya tsayar da shi a iska, ya mayar cikin aljihu. Wannan mayar da hannun, ku yarda da ni, ya fi duk lemon da ya taɓa kawowa nauyi.

"Kifi muka zo kamawa ko tela?" in ji Lado.

"Rufe mani baki."

Jifan farko ya faɗa cikin ciyawa. Lado ya gaya masa gaskiya, har da ƙari. Na biyu ya shiga ruwa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Atiku zai ji ɗan motsi ya fizga, ƙugiya ta fito fayau, an cinye tana. Wani lokacin iska ce ke kaɗa zaren ya ɗauka kifi ne. Ya yi ta ciyar da karfasan Ajiwa kyauta har azahar. Suka yi alwala a bakin ruwa suka yi salla, suka koma.

Lado ya kama ɗaya. Bai ce ciyawa ba ce. Ya kawo ta daidai kunnen Atiku tana fisge-fisge.

"Ka ji? Wagga ba daga bokiti take ba."

Can ya ƙara ta biyu, ya yi wa kansa kirari har wasu masunta da ke wucewa a jirgi suka waiwayo.

Rana ta karkata. Tana ta kusa ƙarewa a gwangwani. Lado ya daina surutu, yana kallon yatsan abokinsa, yana addu'a a zuci ba tare da ya bari an ji ba.

Atiku ya ce a hankali, "Ashe ba a motsin farko ake ja ba. Na farko ɗanɗanawa take yi. Na biyu ma haka. Sai ta ɗauka ta juya..."

Yatsansa ya ɗan lanƙwasa. Ya jira. Sannan ya fizga.

'Yar karfasa ce, ba ta fi yatsu uku ba. Irin wadda da can zai jefar ya ce ta je ta kira uwarta. Ya bi zaren da hannu, ya cire ta, ya kai ta jikin kumatunsa ya riƙe.

"Wagga da sanyinta," ya ce.

Lado ya juya baya yana gyaran zaren da ba abin da ya same shi. Sannan ya ce, "Wannan ko kyanwa aka ba sai ta nemi ciko."

"Tawa ce dai."

"Taka ce. Biyu da ɗaya. Wa ya ci?"

Atiku ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta. "Kai ne."

"Kai ne wa?"

"Kai ne... Sarkin Ruwa. Allah ya isa."

Da za su tashi Lado ya ce, "To, kawo gorar. Ai ka ce a bakin ruwa za ka ba ni."

Atiku ya rungume ta. "Wace gora? Wanda ya ci ni da kifi biyu, ɗaya ma na tabbata tsohuwar ma'aikaciyarshi ce ta dawo? Asabar mai zuwa za ka gane kurenka."

A hanyar dawowa Lado ya faɗa wani rami da gangan. Atiku ya ɗaka masa duka a baya, ya ce dama lasin ɗinsa na tura baro ne.

Suka iso Ƙofar Durbi unguwa cike da mutane. Atiku bai ce a jira duhu ba. Ya sauka, gora a kafaɗa, yana amsa gaisuwa.

A zaure Lado ya ajiye bokiti, ya ƙwala sallama, ya ce a kawo wuƙa da faranti. Hajo ta miƙo daga bayan ƙyaure. Da ta leƙo ta ga wanda aka ɗora wa wuƙar a hannu, ta ce, "Haba Malam Lado, wuƙa fa? In ya yanke?"

"In ya yanke ya ɗinke, ai tela ne. Doka ce, uwargida. Ya faɗi."

Za ta ƙara magana sai ta ji mijinta yana waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi a kan keke, yana kankare kifi da babban yatsa a gaban wuƙa. Ta tsaya tana kallo. Ɓawon kifi na tsalle ko'ina.

Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ɗaure fuska.

"To wallahi duk wanda ya ɓata mani zaure shi zai share."

Atiku ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe. "Ka ji ta ko? Ta dawo."

Aka soya kifi uku. Atiku ya cinye 'yar ƙaramarsa har ƙaya, ya sa hannu a ta Lado, ya kuma ce a ƙaro tuwo.

Ana kiran magariba ya wanke hannu ya miƙe. Ya laluba har ya samu kafaɗar Lado, ya dafa.

"Wuce gaba, Sarkin Ruwa na mako ɗaya. Kuma ka yi sauri, kada ka sa in rasa sahun farko."

Darasi: In Allah ya jarrabi ɗan'uwanka da rashin lafiya ko wata nakasa, kada tausayi ya sa ka mayar da shi baƙo. Ka taimake shi a inda ya gaza, ka bar masa abin da zai iya ko da zai soki yatsa, ka gaya masa gaskiya, ka kuma ci gaba da kiransa da sunan da kuka saba. Sau da yawa abin da majinyaci ya fi kewa shi ne a ɗauke shi yadda yake a da. Ku tura wa abokanku wannan labari, musamman wanda kuka daɗe ba ku tsokana ba. Wanda ya karanta ya wuce bai tura ba kuwa, ina ganinsa, kuma shi zai kankare kifin Asabar.